Jirgin Baba Dalyop

Ran Litinin suka zo da babbar mota
suka kwance layin dogo kamar mai farke ɗinki.
Ni ban gani ba. Zuwaira ce ta turo mini hoto:
taragu huɗu a kife a bayan katanga,
shuɗin fentinsu ya ɓaɓɓare,
akuya tana leƙen ciki.

Jirgin nan bai taɓa zuwa ko'ina ba.
Yakan tashi daga gindin bishiyar turare,
ya ratsa tsakanin duwatsu biyu,
ya shige kogon siminti mai warin jemage
inda muke ihu don dai a ji mu,
ya dawo inda ya tashi.
Minti shida. Naira biyu, a zamaninmu.

A gurbinsa sun kafa wani jan ƙarfe dogo
mai ɗaga mutum sama da tankin ruwa
ya sako shi
kamar guga ta tsinke a rijiya.

A teburin mai shayi na bakin ƙofa
aka baje maganar, sanyin Jos na cizon kunne.
Tanimu mai gyaran rediyo ya ce,
"Yarintarmu ce za a ɗora a sikeli,
'yan gwangwan su saya kilo-kilo."

Kangyang ta ajiye kofi.
"Yaushe rabonka da shiga? Faɗi gaskiya.
Ni bara na kai yarana,
sau biyu yana mutuwa a cikin kogo,
sai da muka sauko muka tura.
Kuna son abu ya zauna yana jiranku
kamar tsohuwa a ƙauye,
ba aike, ba ziyara,
ran da ta rasu ku fi kowa kuka."

Ilu direba bai kula ta ba.
Shi dai a tarago na uku ya fara yi wa Lantana magana,
tafiyar hawainiya ce ta ba shi zuciya.
"To wannan sabon, wa zai nemi aure
hanjinsa na maƙogwaro?"

Wani yaro ya ce kunkuru ya fi jirginmu sauri.
Wani ya ce kwangila ce kawai, a bi sawun kuɗin.
An tara sa hannu, mutum ɗari huɗu da 'yan kai,
manaja ya karɓa da hannu biyu
ya ɗora kwalbar lemo a kai.

Ni nawa ban faɗa ba.
Shekarar da gari ya tsage,
muka daina tsallaka wasu tituna,
benci ɗaya ne a kowane tarago.
Gwiwata ta gogi gwiwar yaron da ban san unguwarsu ba,
muka shiga duhu tare,
muka fito muna dariya.
Ina za a rubuta wannan a takardar koke?

Baba Dalyop na iske a Bukuru yana tonon dankali.
Shekara ashirin da tara yana zagaya wuri ɗaya.
Na ce, Baba, sun cuce ka.
Ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu,
ya ce, "Bayana dai ya gode musu.
Ƙararrawar kawai na roƙa."
Ga ta can a rataye a ƙofar gona,
jikokinsa na bugawa in tuwo ya nuna.

Ran Asabar na kai Ramlatu.
Na riƙe mata takalma, na kasa kallo.
Ta sauko ɗankwali a hannu, ido da hawayen iska,
ta ce, "Baba, daga sama ana ganin inda jirginku yake bi,
ciyawa ba ta fito ba, kamar zobe.
Ashe ɗan ƙarami ne haka?"

Na ce, da ya fi haka girma.

Ta ce, "A sake."
Na laluba aljihu.